Gidan Da Zuwaira Ta Duba

Duk wanda ya san Zuwaira matar Lawwali, da tafin hannunta ya fara saninta. In ta miƙo maka kwano sai ka ga yadda gindin yatsunta ya yi kanta, ya yi tauri, ya yi baƙi, ko lalle ba ya kama wurin. Ba fartanya ce ta yi mata haka ba, igiyar guga ce. An haife ta a wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Tsafe, inda in rani ya yi nisa mata ke fita da sassafe su tone yashin rafi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo su ɗiba da ludayi. Da aka yi mata aure aka kai ta wani ɗan ƙauye bayan Nahuce, sai ta ce to ta huta, tunda can akwai rijiya. Ina hutu! Rijiyar garin sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa, kuma ita ke nan ɗaya tal, ta mutum da dabba. Nan Zuwaira ta yi shekarunta. Ta ja da ciki, ta ja da goyo, ta ja wa tumaki, ta ja wa uwar miji har tsohuwar ta koma ga Allah.

Lawwali kuwa mutum ne mai sanyi, manomin dawa da waken suya, wanda in ya ce maka "to" sau biyu ya gama hirar yini. Abu ɗaya gari ya san shi da shi, ba ya yanke komai sai Zuwaira ta duba. Zai jawo rago daga kasuwa har ƙofar gida, ya ce wa mai shi ya ɗan jira, ya kira ta ta zo ta taɓa haƙarƙarinsa. Irin shuka ita ke zaɓar zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Har saurayin da ya zo neman babbar ɗiyarsu Sadiya, sai da ta leƙa shi ta kafar zana ta ce ya yi, sannan Lawwali ya karɓi goro. Abokansa a majalisa suna yi masa tsiya, wai mijin-ta-ce. Shi ko a jikinsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ku bari. Idonta ya fi nawa, kuma bai taɓa kai ni rami ba." Zuwaira na jin wannan magana a bakin mata, ta yi kamar ba ta ji ba, amma a ranta ta fi mata sabon zani daɗi.

Sai ɓarayin daji suka zo. Ba sai an tsaya ba da labarinsu ba, wa ke ƙasar nan bai sani ba? Suka fara da shanu, suka koma cewa ba mai girbi sai an kai musu nasu, suka koma ɗaukar mutum daga tsakiyar gonarsa. Ranar da aka ɗauke maƙwabcinsu da ɗansa, Lawwali ya shigo gida ya zauna gindin rumbu har aka kira azahar. Sannan ya ce, "Zuwaira, mu tahi Gusau."

Ta ce, "Mu tahi, Malam."

Ya sayar da gonar gadon ubansa, ya sayar da shanun huɗan da suka rage, aka haɗa da tumakinta, duk a farashin mai gudu. Wani mai hali daga Bungudu ne ya karɓe gonar, yana jajanta masa yana tayawa ƙasa-ƙasa. Suka zo Gusau da 'yan matansu biyu da suka rage a gabansu, Salma da ƙanwarta, da buhunan dawar girbin ƙarshe. Suka raɓe a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwan Lawwali. Zaman raɓe kuwa ba ya daɗewa yana daɗi. Ba a yi wata biyu ba matar gidan ta fara buga tukwane tana magana da kaji. Lawwali ya san abin da ke hannunsa bugu ɗaya ne. In ya sayi gida daidai, sun sami wurin sa haƙarƙari har ƙarshen ransu. In ya kuskure, babu wata gonar da zai sake sayarwa.

A nan Sabiru dillali ya shigo. Sabiru irin mutanen nan ne da ke zuwa a babur, ƙamshin turarensu ya riga su sallama, kuma kowa Baba ne a bakinsu. Ya ce akwai wani gida can gangare, bayan Tudun Wada, na wani ɗan kasuwa, Alhaji Mahadi, wanda ya gina sabo zai koma. Ya ɗauki Lawwali a bayan babur suka je. Tsakiyar zafi ne lokacin, ƙasa ta bushe ƙamas. Gidan ya burge Lawwali tun daga nesa: zaure na bulo, dogo, sai ka taka matakala kafin ka shiga, ga fenti sabo. Ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bangon zauren, ya ji shi gam. Ya yunƙura zai wuce ciki, Sabiru ya riƙo hannun rigarsa.

Sabiru ya ce, "A'a Baba, gidan kulle ne. Iyalin Alhaji na ciki. Namiji iyakarsa zaure. Sai dai ka kawo Inna ta shiga ta duba maka."

Lawwali bai ga wani abu a nan ba. Shi ma da gidansa ne haka zai yi, har ma ya ƙara ganin girman Alhajin. Abin da ya roƙa kawai a sa mata su shige ɗaki, a jingina masa tsani ta waje ya hau ya ga rufi. Don a ƙauyensu, da ke bisa tudu, in gida zai mutu daga sama yake farawa: rufi ya yi yoyo, indararo ya toshe, ruwa ya ci kan bango. Ya hau, ya bi kwanon nan falle-falle da ido, ya ga waɗanda suka yi tsatsa, ya ga indararo ɗaya da ya karkace, ya riƙe su a ka. Da ya koma gida ya ce wa Zuwaira gobe ita za ta shiga, kuma ta lura da silin sosai, ko akwai tabon ruwa.

Washegari ta ɗaura zaninta na unguwa, ta yafa mayafi, suka tafi. Uwargidan Alhaji, Hajiya Wasila, ita ta tarbe ta tun daga bakin tsakar gida. Mace ce mai jiki, mai fara'a, hannu duk zobba. "Lale, lale da ƙanwata! Shigo, gidanki ne." Ta shimfiɗa mata darduma, ta sa aka kawo fura da nono mai sanyi daga firji, ta zauna tana tambayarta labarin ƙauye. Da Zuwaira ta kai kan maƙwabcin da aka ɗauke, Hajiya har da share hawaye da gefen mayafi. Rabon Zuwaira da wani ya zauna ya saurare ta haka tun kafin su baro gida. Ta sha fura ta ƙoshi, zuciyarta ta yi sanyi, sannan Hajiya ta ce ta tashi ta duba.

Ɗakuna uku ne da madafi. Kowace ƙofa dokin ƙofarta ya kusa kai gwiwa, sai Zuwaira ta tattare zani kafin ta tsallaka. Ta ce a ranta, dabara ke nan, kaza da akuya ba su isa su shigo ba. A ciki labule ne daga sama har ƙasa a kowane bango, ƙasa kuma shimfiɗe da leda mai fure. Gado na bisa bulo. Kabad na bisa bulo. Har firjin bisa bulo yake. Zuwaira ta san wannan, ai. A garinsu duk abin da kake so kan dutse kake ɗora shi saboda gara, rumbu ma kan duwatsu yake tsayawa. Sai ta ji matan gidan sun ƙara kima a idonta, mata masu tattali. Ya ɗan zo mata ta tambaya ko garar birni haka take da ƙarfi har sai an jera bulo biyu-biyu. Amma da wane baki? Furar mutane na cikinta, an kira ta ƙanwa, sannan ta buɗe baki ta nemi aibin ɗakin mace a gabanta? Ita da aka yi wa tarbiyya a kan in ka shiga ɗakin wani idonka na kan ƙafarka, ta sa hannu ta ɗaga labulen Hajiya? Ta ɗaga kai dai ta dubi silin kamar yadda Lawwali ya ce. Fari tas, babu ko ɗigo.

Da suka fito tsakar gida Hajiya ta ce, "Af, ban nuna miki rijiya ba." Ta janye murfin ƙarfe. Gugan na rataye a gefe, igiyarsa ba ta fi ta ɗaure akuya ba. Zuwaira ta ɗauka an cire sauran igiyar ne. Ta leƙa, sai ga fuskarta nan kusa tana kallonta. Ta saki guga, ta ja sau ɗaya, sau biyu, ga shi a hannunta cike da ruwa mai sanyi. A tsakiyar zafi, lokacin da 'yan garuwa ke yanga a cikin gari! Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta rasa yadda za ta yi da fuskarta.

Ta ce, "Hajiya, ko da rani haka take?"

Hajiya Wasila ta ce, "Ko da rani, ƙanwata. Tunda aka haƙa ta ba ta taɓa ƙafewa ba."

Kuma wallahi gaskiya ta faɗa, wannan shi ne abin baƙin cikin. Tambayar da ta kamata ita ce, rijiyar da ruwanta ke nan a wuya da rani, in damina ta zauna ina zai je? To amma wa zai yi wannan tambaya? Ba dai matar da ta yi shekara arba'in tana bin ruwa ba. Zuwaira ba ta taɓa sanin ruwa na iya yi wa mutum yawa ba. Ta fito zaure hannunta a jiƙe, Lawwali ya dube ta ya ce, "Mi kika gani?"

Ta ce, "Malam, ka saya. Murfin masai ne kawai ya tsage. Amma ka saya."

Aka zauna ciniki. Lawwali ya zo da maganarsa a shirye: a canza kwanon da ya yi tsatsa, a miƙe indararo, a sake ƙyauren zaure da ke ja da ƙasa, a zuba sabon murfin masai, in ba haka ba a rage masa kuɗi. Alhaji Mahadi, farin tsoho mai carbi da tattausar murya, ya riƙe haɓa ya ce, "Haba Malam Lawwali, so kake in gina maka sabo?" Aka tashi ba a daidaita ba. Sabiru ya yi ta safa da marwa, ya je can ya dawo nan, yana rantsuwa wai wani ma'aikaci na nan da kuɗi a hannu yana jira. A zama na biyu aka yi ta ja-in-ja a kan ƙyaure kamar shi ne gidan. Can Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Saboda halin da kuke ciki, na ɗauki gyaran duka. Mu ma sadaka ce gare mu." Lawwali ya dawo gida yana dariya, abin da bai yi ba tun barinsu ƙauye, yana cewa yau baƙauye ya matse ɗan birni. Allah sarki. An jefa masa ƙyaure da fallen kwano ya yi ta kokawa da su, shi kuwa yana jin ya yi jarumta.

Gyara kam an yi shi, kuma an yi shi da kyau. Aka tara shaidu, Alhaji ya ce ya sallama, aka yi hannu, aka shafa fatiha. Sabiru ya karɓi la'ada nan, ya karɓa can, ya hau babur.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da Zuwaira ta yi a duniya, kuma ba ta ɓoye ba. Ta shuka yakuwa da kuɓewa a gefen rijiya, ta kafa zogale. Tana wanki ba ta tsimin ruwa, tana yi wa 'yan matanta tsawa su yi wanka sau biyu don kawai akwai. Maƙwabta na turo bokiti tana cika musu kyauta. Bulon da Hajiya ta bari a ɗakuna kuwa, da ta share kusurwa-kusurwa ba ta ga gara ko ɗaya ba, sai ta kwashe su ta fitar, ta yi murhu da wasu, ta yi wa kaji akurki da saura. Buhunan dawa ta jera su a ƙasa a ɗakin ƙarshe, bisa tabarma.

Ruwan farko ya sauka, rufi bai ɗiga ba. Lawwali ya bi ɗaki-ɗaki kansa a sama yana cewa, "Kin gani? Da ban matsa ba fa?" Haka aka yi ta yi har marka ta kama. Wata rana ruwa ya yini yana zuba, ya kwana, ya sake yini. Bayan la'asar Zuwaira na tankaɗe a ɗaki sai Salma ta ce, "Inna, dubi leda tana motsi." Ta duba. Ledar ɗaki ta kumbura tana rawa, ta taka ta ji ruwa ya ɓullo ta gefen ƙafarta. Ta ɗaga kai, silin na nan fari. Daga ƙasa yake fitowa. Ta tsallaka waje ta tarar tsakar gida ta zama tafki, ruwan unguwa duka ya gangaro nan ya tsaya. Rijiya ta cika ta tumbatsa, ta haɗe da masai, wari ya tashi. Dogayen dokin ƙofar nan da ta yaba, su suka riƙe ruwan ɗaki suka hana shi fita. Su huɗu suka duƙa da kwano da roba suna kwarfa, suna zubarwa yana dawowa.

Kwana biyu ruwan na kwance. A na uku simintin bango ya fara kumbura yana faɗowa ɓawo-ɓawo, sai ga jar ƙasa a baya. Ashe zaure ne kawai bulo. Ɗakunan ciki ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti aka bi da fenti. Da hantsi bangon ɗakin ƙarshe ya zauna, a hankali, ba ko ƙara mai yawa, ya danne buhunan dawa. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Da aka tono dawar ta jiƙe ta yi tsiro, ta yi tsami, ko kaji sun ƙi ta. Sauran ɗakuna biyu suka tsage har kana hango waje. Suka kwashe abin da ya rage suka koma zaure, suka raba shi biyu da labulen buhu. Zuwaira, wadda namiji baƙo bai taɓa ganin inda take kwana ba, ta koma kwana da 'yan mata biyu a bakin hanya, duk mai wucewa na jin tarinsu.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai sayar da daddawa, Inna Tambaya, ta shigo jaje. Ta zauna ta gama salati, sai ta ce, "Ai kowace shekara haka gidan nan yake, ɗiyata. Nan da fadama ce, rake ake nomawa. Alhaji ya cike da shara ya gina. In marka ta kama, iyalinsa gidan ƙaninsa suke komawa sai ruwa ya janye, a zo a yi shafe a yi fenti."

Zuwaira ta juyo ta dube ta. Ta ce, "Inna, kina gani muna zirga-zirga a ƙofar nan. Mi ya hana ki faɗa mani?"

Tsohuwa ta ce, "Ke kin tambaye ni? Kuma ni a wa, in shiga cinikin mutane? Da Alhaji muke kwana muke tashi, shi ke ba mu zakka."

Ka ji fa. Unguwa guda, masallaci guda, kowa ya sani. Sun ga baƙauye ya hau tsani yana ƙirga tsatsa, sun ga matarsa ta fito tana murna, sun sha ruwan rijiyarta kyauta wata da watanni, ba wanda ya ja su gefe. Yanzu kuma kowa ya zo da "sai haƙuri, ƙaddara ce". Tir da irin wannan kirki.

Lawwali ya wanke ƙafa ya tafi sabon gidan Alhaji Mahadi. Alhaji ya yi salati, ya girgiza kai, ya sa aka kawo masa lemo. Ya ce, "Ruwa na Allah ne, Malam Lawwali. Amma ka faɗa mini, cikin gyaran da ka lissafa akwai wanda ban yi ba?" Lawwali ya ce babu. "To. Waje kai ka duba. Ciki iyalinka ta duba. Ni me na ɓoye?" Lawwali ya bar lemon nan bai taɓa ba, ya wuce wurin mai unguwa ya kai ƙara. Aka sa rana, aka ce za a zauna da limamin unguwa, Malam Isah. Wani mai ɗan karatu a masallaci ya ja Lawwali gefe ya yi masa bayani: in an tabbatar ɓoye aibin aka yi, ciniki ya warware, a mayar masa da kuɗinsa. In kuwa wakilinsa ya ga alama da idonsa ya ce ya yarda, to magana ta yi wuya. Wakilinsa kuwa Zuwaira ce.

Da safiyar ranar, 'yan mata sun fita neman ruwan sha, tunda na rijiya ya ɓaci, Lawwali ya zauna kusa da ita bai dube ta ba. Ya ce, "In an tambaye ki, ki ce ba ki ga komai ba. Ki ce labule ya rufe, rijiya kuma ba a buɗe maki ba."

Ta ce, "Malam, rantsuwa fa za a ba ni."

Ya ce, "Ɗiyanki na kwana a zaure, Zuwaira. Mi kike so in yi?"

Tunda ya aure ta bai taɓa sa ta ƙarya ba, ko ta wasa. Ta ga yadda wuyansa ya rame. Tausayinsa ya kama ta, ta ce to. Duk hanya tana maimaita maganar a ranta, ban gani ba, ban gani ba.

Maza suka zauna a zauren mai unguwa, mata daga bakin ƙofar ciki, bayan labule. Aka fara da Sabiru. Ya ce shi bai taɓa cewa ɗakuna bulo ne ba, cewa ya yi zaure bulo ne, a tambayi Baba. Lawwali ya sunkuyar da kai, don haka ɗin ne. Aka zo kan Hajiya Wasila. Ta yi magana a natse, da muryar nan tata mai daɗi. Ta ce, "Ni ban rufe komai ba. Gadaje na bisa bulo, ta gani. Dokin ƙofa da ƙafarta ta tsallaka. Rijiya ni na buɗe mata, da hannunta ta ja ruwa. Ga ta nan kusa da ni, a tambaye ta."

Malam Isah ya gyara murya. Alƙur'ani na gabansa a naɗe bisa buzu, Zuwaira na hango gefensa ta ƙasan labule. Ya ce, "Malama Zuwaira, ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya. Abubuwan nan da aka lissafa, kin gan su?"

Ta buɗe baki. Maganar na nan a kan harshenta, ta shirya ta tsaf. Ta ji tarin Lawwali daga can cikin maza, ta san amsarta yake jira. Ta nemi muryar da za ta fitar da ita, ta rasa. Ba jarumta ba ce, ba kuma wani tunanin lada ta yi ba. Bakinta ne kawai bai iya ba.

Ta ce, "Na gani."

Liman ya ce, "Kin yi tambaya a kansu?"

"Ban yi ba."

"An hana ki?"

"Ba a hana ni ba. Na gani, Malam, amma ban san mi nike gani ba."

 Malam Isah ya ɗan motsa, ya fara cewa a gaskiya da Alhaji ya faɗa da bakinsa da ya fi, don mai sayarwa ya san kayansa. Bai kai aya ba mai unguwa ya tare shi. Ya ce rashin sanin mai saye ba laifin mai sayarwa ba ne, an buɗe mata, ta gani, ta ce a saya, ta kuma faɗa da bakinta yanzu a gaban kowa. In Malam Lawwali bai gamsu ba ƙofar kotu a buɗe take. Kotu! Mutumin da abincin gidansa ya ruɓe a ƙarƙashin bango, da me zai yi zaryar kotu da ɗan kasuwa? Aka shafa fatiha. Hajiya Wasila ta dafa kafaɗar Zuwaira ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƙanwata, kin faɗi gaskiya." Zuwaira ta so ƙasa ta tsage ta shige.

A hanya Lawwali na gaba tana baya. Bai zage ta ba, bai yi mata gori ba. Da ma ya yi, da ta sami abin riƙewa. Ya shiga fita dako a kasuwar hatsi, tsofai-tsofai da shi, yana ɗaukar buhun wasu a ka. In ya dawo ya miƙa mata abin da ya samo a leda, ta karɓa da hannu biyu, ya ci tuwo ya fita masallaci. Magana tsakaninsu ta koma sannu da sannu dai.

Da ruwa ya fara ɗaukewa, sai ga ƙamshin turare da ƙarar babur. Sabiru ne. Ya zauna da Lawwali a rabin zauren da ya rage na maza, Zuwaira na bayan labulen buhu tana tsince wake, tana jin komai. Sabiru ya ce Alhaji bai ji daɗin halin da suke ciki ba, barci ma ba ya iya yi. Don haka ya yanke zai taimaka, zai karɓi wurin ya ba su kuɗi a hannu. Amma fa a matsayin fili, tunda ɗakuna sun zube. Ya faɗi abin da Alhaji ya taya. Ko kuɗin shanun huɗan da Lawwali ya sayar bai kai ba, balle gona. Ya ce dai zai ishe su hayar ɗaki su ɗan ja jari.

Zuwaira ta matso jikin labulen. Ta manta da baƙo, ta manta da kunya, ta yi magana ta bayan buhu. Ta ce, "Malam, kada ka sallama. Don Allah kada ka sallama. Mu cike wurin da kanmu. Ni zan ɗauko ƙasa da kaina, kwando-kwando, kafin wata damina mu ta da ɗaki ɗaya. In ka ba shi, shafe zai yi ya sayar wa wani irinmu."

Lawwali bai ɗaga murya ba. Bai ma juyo ba. A gaban dillali ya ce, "Ke yi shiru. Kin duba, kin yi magana. Ya isa."

Waken da ke hannunta ya zube a faifai. Ta zauna nan tana kallon saƙar buhu. Ta ji motsin rigarsa da ya miƙa hannu, ta ji tafin hannu biyu sun haɗu.

Lawwali ya ce, "Na sallama."